Likita yace sai an min aiki, uwar mijina tace in zauna in haihu a ɗaki

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 27, wannan ne cikina na uku. Na fari a gida na haihu lafiya lau, na biyu kuma nasha doguwar naƙuda yaron yaƙi saukowa sai CS aka min, wato aikin ciro jariri, yanzu shekararsa biyu da rabi. Wannan cikin yana sati 33, an min sikanin sau biyu duk sunce mabiya ce ta sauko ƙasa ta rufe bakin mahaifa gaba ɗaya, likita yace babu maganar naƙuda, sun bani rana in na kai sati 37 za'a ciro. Tunda na faɗa a gida ban ƙara samun kwanciyar hankali ba. Hajiya uwar mijina tace ita tara ta haifa a ɗaki ko allura ba'a taɓa mata ba, wai likitocin yanzu kuɗi kawai suke nema, ta karɓo min rubutu da wani jiƙo kuma har tayi magana da ungozomar unguwarsu. Facalolina kuma sai habaici wai wasu ragwaye ne basa iya nishi. Maigidana bashi da matsala amma baya iya musu da Hajiya, ga kuɗin ma yace bai san inda zai samo ba. Wata ƙawata tace kar in koma ranar da suka bani, in bari sai naƙuda ta kankama sai inje wani ƙaramin asibiti inda basu sanni ba, kar in nuna takardar sikanin. Ni kuma tsorona biyu, ance sau uku kawai ake yiwa mace aiki daga nan sai a juya mata mahaifa, kuma ina tsoron a min allura in ƙi farkawa. Wani abu kuma ban faɗawa kowa ba, daren Laraba na farka naga jini ya ɓata min zani, ba ciwo ba komai, zuwa safe ya tsaya. Anti ya zanyi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da kika ajiye a ƙarshe kamar ba komai ba shi zan fara ɗauka, jinin daren Laraba. Kina gama karanta wannan ki ɗauki katin awonki da takardun sikanin ɗin duka biyu ki tafi asibiti yau ɗinnan, ba sai ranar awo ba, ba sai Hajiya ta amince ba, ki faɗa musu kinga jini kuma ki faɗi yawansa tsakani da Allah, zani kawai ya ɓata ko har katifa ya taɓa. Mu da mukayi aiki a ɗakin haihuwa mun san wannan jinin sarai, ja ne garau, ba ciwon mara ba ciwon baya, sau tari ma mace tana barci zai zubo ya tsaya da kansa har ta ɗauka abin ya wuce. Na farkon yakan zo da sauƙi. Na biyu ko na uku ne baya sallama, kuma babu mai iya ce miki ga ranar da zai dawo. Ƙila su riƙe ki a gado har ranar aikin, ƙila su duba su sallame ki da sharaɗi, ƙila su miki allurar da ke ƙarfafa huhun jariri saboda ko ta kama a ciro shi kafin lokaci, kuma zasu auna jininki su ga ko yayi ƙasa. In sunce kwanciya ki kwanta, kar ki fara lissafin wa zai dafawa yara abinci, za'a samu mai dafawa.

Bari in miki bayanin abin da ke cikin nan naki, don na lura rabin rigimar gidanku rashin sanin shi ne ya kawo ta. Mabiya, wadda wasu ke cewa uwa, a ƙa'ida can sama take manne a jikin mahaifa, sai jariri ya fito sannan ta faɗo. Taki kuma a ƙasa ta zauna ta shimfiɗu akan bakin mahaifa, kamar ɗaki mai ƙofa ɗaya tak aka toshe ƙofar da abin da na ciki yake numfashi da shi. Ita kuwa naƙuda ba komai bace illa buɗewar wannan bakin. Yana fara buɗewa mabiya zata fara ɓanɓarewa daga jikin mahaifa, manyan jijiyoyin jini su buɗe, kuma a ƙarshen ciki jinin da ke bi ta mahaifa yakai rabin lita ko fiye a duk minti ɗaya, alhali duk jinin jikinki bai wuce lita biyar zuwa shida ba. Kiyi lissafin da kanki, daga ƙofar gidanku zuwa asibiti minti nawa ne da ƙarfe biyun dare, in ma anyi sa'a an samu mota da mai a ciki. Ga jaririn kuma ta mabiyar yake samun iska da abinci, tana rabuwa da mahaifa komai ya yanke masa. Saboda haka maganar nishi da juriya bata ma taso ba a nan, macen da tafi kowa jarumta a garinku in aka bata irin cikin nan naki to inda zaki je nan zata je.

Da a wata biyar aka ganta a ƙasa da nace ki kwantar da hankalinki, don yawanci mahaifa na girma tana janye ta sama. Amma wadda ta rufe bakin ruf har sati 33, ga jini ya fara, da wuya ta matsa. Sukan sake sikanin wajen sati 36 don tabbatarwa, ki roƙi a miki ma in hakan zai sa hankalin mutanen gida ya kwanta.

Daga yau har a sauke ki, ba mai sa miki hannu ta ƙasa da sunan duba ko haihuwa ta kusa, ko ungozoma ce ko mai kemis ko nas ɗin unguwa mai zuwa gida, ba allurar naƙuda ba ƙwayar tada naƙuda da ake sawa a ƙarƙashin harshe, ba kwanciyar aure, ba daka ba ɗaukar bokitin ruwa. Jiƙon nan kuma ki karɓa da hannu biyu kiyi godiya amma kar ki kai shi baki, wasu itatuwan aikinsu kenan tada naƙuda, ke kuma naƙuda ce abar gudunki. Rubutu kam ki sha abinki, ayoyin Allah ne, babu likitan da ya hana addu'a, sai dai ranar aikin da zasu ce kar ki ci kar ki sha to ranar ki shafa a jiki kawai.

Ƙawar taki kuwa, na san ƙauna ce ta sata amma shawarar da ta baki ita ce mafi haɗari a duk wasiƙar nan, tafi ta Hajiya ma. Kin san abin da nas take fara yi in mace ta shigo da naƙuda? Safar hannu zata sa ta duba buɗewar bakin mahaifa, aikinta kenan kullum. A mace mai irin matsalarki wannan yatsan shi kaɗai ya isa ya ɓalle jinin da ba'a iya tsayarwa, shi yasa duk wadda ta san mabiya na ƙasa bata taɓawa. Ke kuma zaki ɓoye mata takardar da zata hana ta taɓawa, kin ga kin cuci kanki kin cuci baiwar Allah da bata san hawa ba bata san sauka ba. Sannan ƙaramin asibitin nan ledar jini nawa garesu a firij? Ƙarshenta su ɗaura miki ruwa su rubuta takarda suce a wuce babban asibiti, wanda dama can kika gudo, sai dai yanzu a kwance za'a kai ki.

Ba wai ina wanke likitoci bane gaba ɗaya. Akwai asibitocin kuɗi da basa haƙuri da naƙuda, mace ta ɗan jima kaɗan sai a kawo takarda a sa hannu, wannan gaskiya ne kuma shi ya ɓata sunan aikin a idon mutane. Kuma da matsalarki ita ce kawai an taɓa miki CS sau ɗaya, da amsata daban ce, don mace mai ɗinki ɗaya na kwance, musamman irinki da ta taɓa haihuwa da kanta, wajen bakwai cikin goma suna haihuwa da kansu lafiya in dai a asibitin da ke da ɗakin tiyata ne ana sa ido, ni da kaina da na ƙarfafa miki gwiwa ki gwada. In kina shakkar likitan naki ba laifi bane ki ɗauki takardunki ki kaiwa wani likitan mata a asibitin gwamnati, wanda ko sisi bazai shiga aljihunsa ba in an yanka ki, ki ji me zai ce. Amma da takardun a hannu. A ƙasa baki ɗaya kuma matsalar tamu ba yawan yanka bace, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna wajen haihuwa 3 cikin 100 ne kawai ake yi ta hanyar aiki a Najeriya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tace mutuwar uwa da jariri tana ta raguwa ne har adadin yakai wajen 10 cikin 100. Waɗancan da suka buƙaci aikin basu samu ba suna cikin mata kimanin 82,000 da aka ƙiyasta sun rasu ta dalilin ciki da haihuwa a ƙasar nan a 2020 kaɗai, wasu kuma ki je asibitin Babbar Ruga a Katsina ko sashen masu yoyon fitsari na asibitin Murtala a Kano ki gansu, yawancinsu kwana biyu kwana uku sukayi suna nishi a ɗaki ana ce musu su daure.

Akwai wata magana da gara ki ji ta yanzu daga bakina da ki ji ta bayan kin farka. Mace mai tsohon ɗinki a mahaifa in mabiya ta zauna a ƙasa, wani lokacin takan dasa kanta akan tabon ta nutse cikin naman mahaifar ta ƙi fita bayan an ciro jariri. Ga mai ɗinki ɗaya kamar ke wajen ɗaya cikin goma ne ke haɗuwa da haka, wato tara basa haɗuwa da shi, kar ki tsorata. Amma in ya faru jini kan zuba sosai, kuma wani lokacin babu hanyar tsayar da shi sai an cire mahaifar. Don haka ki tambayi likitanki kai tsaye, mabiyar ta gaba take inda ɗinkin yake ko ta baya, kuma sun duba ko ta manne? Wannan ne ma yasa aikinki ba na kowane asibiti bane, na inda ke da bankin jini ne da manyan likitocin mata da masu bada allurar barci dare da rana. Baki faɗi garinku ba, amma irinsu asibitin Malam Aminu Kano, ko na ABU da ke Shika, ko na koyarwa na Sakkwato ko Maiduguri, ko babban asibitin jiharku, irin nan nake nufi. Layinsu da tsawo, wasu ma'aikatan ga faɗa, ki toshe kunnenki.

Sai Hajiya. Kar ki ɗauke ta maƙiyiya, tsoro ne yake magana da bakinta, kuma tsoron nata yana da asali. A zamaninsu wa ake kaiwa tiyata? Wadda ta kwana uku tana abu ɗaya, an gwada rubutu an gwada hayaƙi an gwada komai, ɗa ya mutu a ciki ita kuma ta galabaita, sannan a ɗauko ta a bayan akori kura. In ta rasu a can sai ace aiki aka mata ta mutu. Wani likitan mata, Farfesa Kelsey Harrison, ya bibiyi haihuwa sama da 22,000 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, abin da ya fito ƙarara shi ne mutuwar tafi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da basu taɓa zuwa awo ba sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Abin da idon Hajiya ya gani kenan, aikin gaggawa akan macen da ta riga ta jigata. Naki kuwa aiki ne da aka sawa rana, da safe, kina da ƙarfinki, an tanadi jini, manyan likitoci na nan ba'a taso kowa daga barci ba, tsakaninsu akwai tazara mai yawa. Tara ɗin da ta haifa a ɗaki Allah ne ya bata sauƙi kuma mun taya ta godiya, amma in ta zauna ta tuna sa'o'inta da akayi musu aure lokaci ɗaya, da kanta zata lissafo waɗanda suka tafi da ciki ko jini ya kwashe su ranar haihuwa. Su basa nan balle su bada nasu labarin.

To amma ba ke zaki faɗa mata haka ba, suruka bata cin gardama da uwar miji ko da ita ke da gaskiya, kina buɗe baki zai zama rashin kunya a bar maganar mabiya a koma maganar tarbiyya. Ki lallaɓa ta ta raka ki asibiti, kice Hajiya ni tsoro nake ji ke ce babba kizo ki ji da kunnenki, ki sanar da nas tun kafin ku shiga cewa ga halin da ake ciki. Tsofaffi da yawa in likita ya girmama su ya zana musu abin a takarda ya nuna musu hoton, su ne ke komawa gida suna yiwa wasu bayani. In akwai wanda take jin maganarsa, yayanta ko limamin unguwa ko malamar islamiyyarsu, maigida ya je ya same shi. Annabi SAW da kansa yace bayin Allah ku nemi magani, babu malamin kirki da zai ce a zauna a ɗaki da irin wannan. Kuma ina iyayenki a duk maganar nan? Ban ji kin ambace su ba. Mamanki ta sani yau, babanki ko waliyyinki ya kira maigida suyi magana ta manya, in gidanku yafi kusa da asibiti a nemi alfarma ki koma can goyon ciki ko da ba na fari bane, wannan hanya ce da ba wanda zai ji an raina shi. Facaloli kuwa ki bar su da bakinsu, ranar da abu ya ɓaci Allah ya jiƙan musulmi kawai zasu ce su ɗora tukunya.

Wannan ɓangaren ki miƙawa maigida wayar ya karanta. Malam, biyayya ga mahaifiya wajibi ce ba mai musu, amma amanar ran matar nan a wuyanka aka ɗaura ta ba a wuyan Hajiya ba, kuma kai za'a tambaya. Ba sai ka ɗaga mata murya ba, kace Hajiya naji bayanin likita da kunnena na yanke shawara, ki sa mana albarka. Ka je asibitin da ƙafarka ka tambayi ledar jini nawa suke so a tanada, ka tara ƴan uwa da abokai a gwada su su bayar tun yanzu, don ba'a fafe gora ranar tafiya, neman jini da tsakar dare shi ke cin kuɗi kuma shi ke cin rai. Ka san rukunin jininta. Ka shirya da mai mota ko mai adaidaita na kusa da zai ɗaga waya ko ƙarfe nawa ne, kar a bar ta ita kaɗai a gida, in kana tafiye-tafiye ka dakata. Takardar amincewa kuma, a doka mace baliga mai hankali tana da ikon sa hannu akan jikinta, amma tunda asibitocinmu sun saba neman miji ka sa naka tun wuri ka kuma bar sallahu cewa in abu ya taso baka nan kar a jira ka, mata nawa aka rasa ana ta kiran layin maigida a kashe. Maganar kuɗi kuma ban raina ta ba wallahi, kowa ya san halin da ake ciki. A watan Nuwamba 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da CS kyauta ga mata marasa ƙarfi, ta hannun hukumar inshorar lafiya ta ƙasa NHIA ake yi kuma a zaɓaɓɓun asibitoci ne ba ko'ina ba, ka tambaya a ofishin inshora ko na walwalar marasa lafiya na asibitin ko suna ciki da abin da ake buƙata. Jihohi ma suna da nasu tsarin, kamar KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kano. In duk bai samu ba a faɗawa dangi tun yanzu a haɗa, a ɗauki adashi, a saida abin saidawa, sati huɗu gareka, kuma aikin da aka shirya ko yaya yafi arha akan na gaggawa da leda shida ta jini da kwanan ɗakin kulawa ta musamman.

Mu dawo kanki ƙanwata, tsoron rashin farkawa. Yawancin CS yanzu ba'a ma sa mace barci, allura ce a ƙasan gadon baya, daga ƙirji zuwa ƙafa ya mutu na ƴan awanni, a sa labule, idonki biyu, zaki ji ana taɓawa ana ja amma ba zafi, cikin ƴan mintuna ki ji kukan ɗanki, sauran lokacin duk ɗinki ne, gaba ɗaya wajen awa ɗaya in komai ya tafi daidai. A irin naki zasu iya zaɓar allurar barci gaba ɗaya in suna tsammanin jini, ko su fara da ta baya su koma ta barci, wannan shawararsu ce. Ko wacce ce akwai ma'aikaci guda da ke zaune a saitin kanki tun farko har ƙarshe, bashi da wani aiki sai kallon numfashinki da bugun zuciyarki da awon jininki. Waɗanda allurar tafi ba wahala su ne waɗanda aka kawo jini ya riga ya ƙare ko ciki cike da tuwo, shi yasa in sunce kar ki ci komai daga tsakar dare to kar wata ta tausaya miki ta baki kunu a ɓoye. Ki faɗa musu yadda allurar wancan karon ta miki da duk maganin da kike sha. Zancen wai allurar baya tana barwa mace ciwon baya har abada kuwa, ciki da goyo da sunkuyon wanki ne suka fi kawo shi, wasu dai kan yi ciwon kai na ƴan kwanaki kuma yana da magani.

Sau uku ɗin nan kuma ba doka bace da aka rubuta a wani wuri. Akwai masu huɗu akwai masu biyar suna nan da ƴaƴansu, akwai kuma wadda a na biyu likita zai ga mahaifar tayi siriri yace a dakata. Abin da yake tabbas shi ne kowane aiki yana ƙara haɗarin na gaba, musamman wannan mannewar mabiya da na faɗa miki, kuma bayan aiki biyu yawancin asibitocinmu basa barin mace tayi naƙuda, rana ake sa mata. Juya mahaifa kuwa ba'a yinsa sai da yardarki da sa hannu, in baki so kice baki so tun kafin a shiga. Bayan an gama ki tambayi wanda ya miki aikin yaya ya ga mahaifar, ya rubuta miki, ki adana takardar. Sannan ki ba ɗinkin hutu kamar shekara biyu kafin wani cikin, kar ki dogara da shayarwa kaɗai, kafin a sallame ki ku zaɓi na tazara ke da maigida, ashanar hannu ce ko roba ko allura.

Jego shi ne inda za'a sake kai ruwa rana da Hajiya, gara ki shirya. Zasu tashe ki ki fara takawa washegari ko ma kafin nan, ki daure ki taka ko kina cije baki, shi ke hana jini daskarewa a ƙafa ya kuma sa hanji ya motsa, robar fitsari ma ba ta jimawa ake cirewa. Ki sa jariri a nono da wuri ko ruwan bai zo sosai ba, tsotson ne ke kawo shi. In kin koma gida wanka da ruwa mai ɗumi ya isa, ba tafasasshe ba, ba fyaɗa ganye akan ɗinki ba, ba danna ciki da tawul mai zafi wai a fitar da ƙazanta ba, wajen ɗinkin a barshi a bushe kar a shafa masa man shanu ko toka ko wani gari. Kunun kanwa ki rage shi ƙwarai ko ki haƙura, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a masu jego suka danganta shi da yawan kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya akan gadon ƙasa mai wuta, ke kuma da ƙila kin zubar da jini zuciyarki bata buƙatar ƙarin aiki. Ki ci nama da hanta da ƙwai da wake da zogale, ki sha maganin ƙarin jini da zasu baki har ya ƙare. Sati shida ba jan ruwa a rijiya ba ɗaukar abin da yafi jaririn nauyi, har shi ɗan shekara biyu da rabin a hana shi hawa cikinki. In kinga zazzaɓi, ko ɗinki ya kumbura yana ruwa ko wari, ko jini ya dawo da gudaji, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi yana miki wuya in kin kwanta, ko ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, asibiti za'a koma a lokacin ko ana tsakiyar taron suna ne. Jinin biƙi kuma zai zo miki kamar na kowace mai jego, hukuncin sallah da azumi duk ɗaya ne, kar wata tace miki wai tunda ba ta ƙasa kika haihu ba babu biƙi a kanki.

Allah ya raba ku lafiya, in an sauka a turo min in sanar da masu karatu su taya ki barka.